Yadda Ake Gane Mai Kiwon Kare Fudul Na Gaskiya, Da Gwaje-gwajen Da Ya Kamata Ya Nuna Maka

Wata 'yar'uwata da ke zaune a Abuja ta taɓa sayen ɗan kwikwiyo ta Instagram. Mai sayarwar ya ce su haɗu a gidan mai, ya miƙo mata shi cikin kwali ta tagar mota, tare da wani kati da aka rubuta kwanan wata biyu da biro. A kwana na biyar ya daina cin abinci, ya fara amai da zawo mai jini da wari mai tayar da zuciya. Likitan dabbobi ya ce cutar fabo ce. An yi ta ƙarin ruwa kwana uku, bai tashi ba. Har yau ina tuna ɗanta tsugune a bakin ƙofa riƙe da kwanon da aka saya wa karen. Lambar mai sayarwar kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba.

Wannan asara ce mai zuwa da wuri. Akwai wadda ta fi ta ciwo, mai zuwa a hankali: kare ya shekara huɗu a gidanka, kun shaƙu, sai ka ga ya fara karo da kujera in magariba ta yi, saboda makantar da ya gado tun yana ciki. Da an gwada iyayensa kafin a haɗa su, da ba a haife shi da ita ba. Shi ya sa nake cewa wanda zai sayi fudul, lafiyar uwa da uba yake saye. Ɗan kwikwiyo mai mako takwas kusan kowanne kyakkyawa ne, ba ya nuna abin da ke ɓoye a jininsa.

Mataki na farko: san abin da kake nema

A rubuce poodle ne, a bakinmu fudul. Sunan daga Jamusanci ya fito, daga kalmar da ke nufin fantsama cikin ruwa, domin asalinsa karen farauta ne da ke ɗauko agwagwar da maharbi ya harbo a tafki. Faransawa na kiransa caniche, kuma ƙungiyar karnuka ta duniya, FCI, mai hedikwata a Beljiyam, ta rubuta Faransa a matsayin ƙasarsa.

Girmansa ne zai gaya maka gwajin da za ka nema. Ƙungiyar AKC, mai rajistar karnuka a Amurka, ta kasa shi uku bisa tsayin kafaɗa: babba, wanda takardu ke kira standard, ya haura inci 15, matsakaici, miniature, tsakanin inci 10 da 15, ƙarami, toy, inci 10 ko ƙasa. FCI ta kasa shi huɗu, ta ƙara wani tsakanin santimita 35 da 45. Ban da waɗannan babu wani. In ka ji an ce maka teacup ne, wai ɗan mitsitsi mai shiga kofin shayi, sunan talla ne, kuma irin waɗannan su ne masu karyewar ƙashi da faɗuwar sukarin jini. Haka launin nan mai dabbare-dabbare da ake kira merle: ba launin fudul ba ne na asali, kuma in aka haɗa masu shi biyu ana samun 'ya'ya kurame ko makafi.

Ka kuma auna kanka. Karen nan na iya kai shekara 12 zuwa 15. Gashinsa ba ya zuba sosai, amma ba ya daina tsiro, don haka yana buƙatar taza kusan kullum da aski duk mako huɗu zuwa shida. In an bar shi, gashin ya dunƙule ya manne da fata, kaska ta samu maɓoya. A zafin watan Afrilu na Kano ko Sakkwato sai an rage masa gashi, an ba shi inuwa da ruwa. Batun hukuncin ajiye kare kuwa, Musulmi ya kai wa malaminsa tambayar tun kafin ya biya kuɗi, kada a kawo dabba gida sannan a rasa yadda za a yi da ita.

Mataki na biyu: inda ake nema

Wanda ke Amurka ya fara da Poodle Club of America, ƙungiyar da aka kafa a 1931, tana da masu haɗa mai saye da masu kiwo a yankuna. Wanda ke Ingila ya bi ta Kennel Club, mai rajistar karnuka a can, da ƙungiyoyin masu fudul da ke ƙarƙashinta. A can, tun watan Afrilun 2020 doka ta hana dillali ko kanti sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga wanda ya kiwata ko a karɓa daga gidan ceton dabbobi. A nan gida Najeriya, hanya mafi aminci ita ce bakin likitocin dabbobi da masu yi wa karnuka aski. Su ne ke ganin karnukan wane ke dawowa asibiti da ciwo iri ɗaya, da na wane ke tsufa lafiya.

Rajista da ƙungiya ba shaidar lafiya ba ce. Takardar asali tana nuna wa ya haifi wa ne kawai.

Mataki na uku: gwaje-gwajen iyaye

Nan ne zan daɗe, domin nan ake yi wa mutane rufa-ido. Za ka ji mai sayarwa ya ce, "Ai likita ya duba su, lafiyarsu ƙalau." Duban likita na nufin an saurari ƙirji, an leƙa kunne, an auna zafin jiki. Gwajin cututtukan gado wani abu ne daban, kuma kowanne yana da takardarsa.

Mu fara da gwajin DNA, domin mun riga mun san tsarinsa daga gwajin sikila kafin aure. Kamar yadda ake da AA, AS da SS, haka kare kan zama wanda ba shi da cutar sam, takarda ta ce clear. Ko mai ɗauke da ita amma ba za ta kama shi ba, carrier. Ko wanda za ta kama, affected. In aka haɗa masu ɗauke da ita biyu, kowane ɗan kwikwiyo na da kashi 25 cikin ɗari na kamuwa, daidai da AS da AS. In aka haɗa mai ɗauke da ita da wanda ba shi da ita, babu ɗan da zai kamu. Saboda haka kada ka gudu don ka ga carrier a takardar uwa. Duba ta uba. In shi clear ne, haɗin ya yi daidai, kuma mai kiwon ya san abin da yake yi. Abin tsoro shi ne a nuna maka takardar ɗaya a ce ta ɗayan ta ɓace.

Ga ƙarami da matsakaici, babban gwajin DNA shi ne na prcd-PRA, cutar da ke lalata bayan ido sannu a hankali. Da dundumi take farawa, karen ya riƙa tsoron duhu da matakala, daga baya ya makance gaba ɗaya, kuma ba ta da magani. Ga babba, nemi na NEwS, ciwon ƙwaƙwalwa da ke sa jarirai jijjiga su mutu kafin su kai mako bakwai, da na von Willebrand, wanda ke hana jini tsayawa da wuri bayan rauni ko tiyata.

Sai kwatangwalo, ga babba da matsakaici. Ana ɗaukar hoton ƙashi a ga ko kan cinya ya zauna daram a gurbinsa. In bai zauna ba, yana goguwa har ya zama amosanin gaɓɓai, karen ya riƙa tashi da ƙyar yana tsallen zomo da ƙafafun baya. Hukumar OFA ta Amurka, wadda ke wannan aiki tun 1966, ba ta bayar da sakamakon ƙarshe sai kare ya cika wata 24. Sakamako uku ne ke nuna lafiya: Excellent, Good da Fair. Akwai wata hanyar, PennHIP, da ake iya yi tun daga mako 16, tana auna sassaucin gaɓar da lamba tsakanin 0 da 1, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. A Ingila ana ba kowane ɓangare maki daga 0 zuwa 53, jimla 106, nan ma ƙarancin maki ake so. Ƙasashen da ke bin FCI na amfani da harafi, A zuwa E, A ce ta fi. Wannan ƙa'ida ta wata 24 tana tona asiri da kanta: in uwar shekararta ɗaya da rabi kuma aka ce maka tana da cikakkiyar shaidar OFA ta kwatangwalo, maganar ba ta tsaya ba.

Ƙoƙon gwiwa matsalar ƙanana ce. Yakan zame daga gurbinsa, sai ka ga kare na tafiya ya ɗaga ƙafar baya taku biyu ko uku, ya shura ta, ya ci gaba. Likita ke gwadawa da hannu bayan kare ya shekara, ya ba da mataki daga 1 zuwa 4 in akwai matsala. Iyaye su kasance ba su da ita. Ƙananan kuma suna fama da Legg-Calvé-Perthes, inda jini ke daina isa kan ƙashin cinya, ɗan kwikwiyo ya fara ɗingishi kafin ya cika shekara. Tambayi ko an taɓa ganinta a zuri'ar.

Duban ido na ƙwararren likitan idon dabbobi ya hau kan kowane girma, kuma bai maye gurbin gwajin DNA ba, domin yana kama yanar ido da wasu larurorin da DNA ba ya gani. Shekara ɗaya takardarsa ke aiki. Duba kwanan watan da kyau.

Ga babban fudul, ƙungiyar Poodle Club of America ta ƙara da a yi aƙalla ɗaya cikin uku: gwajin zuciya, gwajin tayirod ('yar tsokar da ke maƙogwaro), ko yankan ɗan guntun fata don neman sebaceous adenitis, cutar da ke kashe ƙwayoyin maiƙon fata har gashi ya zube, fata ta yi ɓawo kamar amosanin kai. Mai kiwon kirki yakan wuce ɗaya.

Akwai kuma cututtukan da babu gwajin da zai hango su. Addison, inda 'yar tsokar da ke saman ƙoda ta gaza, karen ya riƙa amai da kasala har ya faɗi, kuma sai magani har ƙarshen rayuwa. Farfaɗiya. Kumburi da murɗewar tumbi, mai kashe babban kare cikin sa'o'i in ba a yi tiyata ba. A nan tarihin zuri'a kawai ke taimako, don haka tambayi kai tsaye: "Kakanninsa suna raye? Wanda ya mutu, me ya kashe shi, yana da shekara nawa?" Ni dai na fi yarda da wanda ya ce mini, "Ƙanwar uban ta yi Addison, shi ya sa ban sake wancan haɗin ba," a kan wanda ya ce tun da yake kiwo bai taɓa ganin ciwo ba. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Davis sun nuna cewa manyan fudul da yawa na komawa ga wasu tsirarun karnuka da suka yi fice a gasa a tsakiyar ƙarni na 20, kuma wannan kusancin jini na da alaƙa da yawan Addison da ciwon fatar nan. Saboda haka duba takardar asali, ka ga ko suna ɗaya na maimaituwa a ɓangaren uwa da na uba.

Mataki na huɗu: tabbatar da kanka

Gani ya kori ji. Karɓi cikakken sunan rajista da lambar uwa da ta uba, ka shiga shafin OFA ko na Kennel Club ka rubuta su. Kyauta ne, kuma minti biyar ya isa. Hoton takarda da aka turo ta WhatsApp ana iya sauya masa suna a waya.

Ka lura da lambar CHIC, wadda OFA ke ba kare. Mutane da yawa na ɗauka shaidar cin jarrabawa ce. Abin da take nufi shi ne an yi duk gwaje-gwajen da aka shar'anta kuma an yarda a bayyana sakamakon ga kowa, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Buɗe kowane layi ka karanta. Sannan ka tabbatar takardar ta wannan karen ce: lambar da ke jikin ɗan ƙwayar shaidar da ake dasawa ƙarƙashin fatar wuya, mai lamba 15, ta yi daidai da wadda ke kan takarda. Likitan dabbobi mai na'urar karantawa zai duba maka nan take.

Mai kiwo a Najeriya ba lallai ya iya cika duk abin da na lissafa ba, amma akwai abin da ba shi da uzuri a kai. Gwajin DNA da ɗan auduga ake goga cikin kunci a aika waje ta masu kai saƙo. Ƙoƙon gwiwa da hannu ake dubawa. Hoton kwatangwalo ana iya neman a ɗauka a asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Sakkwato da Maiduguri. In ya ce iyayen daga waje aka shigo da su, to ya nuna takardun da suka shigo da su, da lambobin da za ka bincika.

Mataki na biyar: je gidan

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka yarda da haɗuwa a gidan mai ko tasha. Je inda aka haife su, ka ga uwar tare da 'ya'yanta. Uwa mai shayarwa nonuwanta a sake suke, gashinta ya ɗan lalace, 'ya'yan na bin ta. Wasu dillalai kan ajiye wata karya daban a ce ita ce uwar, amma za ka ga ba ruwanta da su. Lura da halinta, domin 'ya'ya na ɗauka: ta yi haushi kaɗan ta zo ta shinshina ka, wannan daidai ne, wadda ke rawar jiki a lungu ko mai yunƙurin cizo, ka yi tunani. Rashin ganin uba ba laifi ba ne, sau da yawa na wani gidan ne.

Hancinka ma zai yi maka aiki. Warin fitsari mai hawa ido, keji a kan keji, nau'in karnuka biyar ko shida duk na sayarwa, jarirai a kowane wata: wannan masana'anta ce. Tambayi shekarun uwar da yawan haihuwarta. Kennel Club ta Ingila ba ta yi wa 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau huɗu rajista, ko wadda aka haɗa kafin ta shekara ɗaya.

Ɗauki ɗan kwikwiyon. Ɗaga leɓensa, dasashi ya zama ja-ja mai haske, fari na nuna ƙarancin jini daga tsutsa ko kaska. Ido ba kwantsa, kunne ba wari ba baƙin datti, ƙarƙashin wutsiya a bushe. Ciki ya kumbura ƙafafu sirara alamar tsutsa ce. Shafa cibiyarsa ko akwai ƙullutu. Ajiye shi ka tafa hannu a bayansa ka ga ko zai waiwayo, ka bar shi ya yi tafiya ka kalli ƙafafun baya.

Mai kiwon gaskiya shi ma zai titsiye ka da tambayoyi: wa ke gida da rana, akwai katanga, akwai yara, wa zai yi masa aski, ka taɓa riƙe kare? Kada ranka ya ɓaci, alama ce mai kyau. Wanda tambayarsa ɗaya ce, yaushe za ka turo kuɗi, bai damu da inda dabbar za ta ƙare ba. Kuma ka shirya jira, wani lokaci watanni, domin cikin karya kwana 63 ne kuma na kirki ba ya haɗa ta a kowane zagaye.

Mataki na shida: katin rigakafi, yarjejeniya da kuɗi

Kada a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. Ƙaramin fudul ma gara ya kai goma ko sha biyu. A makonnin nan ne yake koyon sassauta cizo da zama da 'yan'uwa.

Allurar farko mai haɗe da fabo da distamfa (wata cutar karnuka mai kisa) ana yin ta tsakanin mako 6 da 8, a riƙa maimaitawa duk mako biyu zuwa huɗu har ya kai mako 16. Ta haukan kare daga mako 12. Maganin tsutsa tun yana mako biyu ake farawa. Katin gaskiya yana ɗauke da 'yar takardar da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar allurar aka manna, da kwanan wata, da sa hannu da hatimin likita. Kira likitan ka tambaya. Allurar nan sanyi take so, kuma a inda wuta ke ɗaukewa, wadda aka saya a kasuwa aka yi a gida tana iya zama ruwa kawai. Katin da aka ba 'yar'uwata, ban da kwanan wata, ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan.

A rubuta yarjejeniya, da shaidu. Ta ƙunshi sunaye da lambobin iyaye, ranar haihuwa, kwanakin da aka ba ka ka kai shi wurin likitanka, da abin da za a yi in an samu cutar gado: mayar da kuɗi ko ɗaukar nauyin magani. Ta kuma ce in wata rana ka kasa riƙe shi, mai kiwon zai karɓe shi. Kafin alƙalami sai bayan ka ga uwa da 'ya'ya, ka karɓi rasit. In nesa kake, nemi kiran bidiyo kai tsaye, ka ce a ɗaga wannan, a juya wancan, a nuna maka uwar tana shayarwa. 'Yan damfara da hoton sata suke aiki, sukan sa farashi mai araha, bayan ka biya sai a ce akwai kuɗin keji na musamman, sai na inshora, sai na kwastan. Da zarar buƙata ta biyu ta zo, tsaya. Mai shigo da kare daga waje kuma ya nemi izinin shigowa daga hukumomin lafiyar dabbobi na tarayya tun kafin a sa shi a jirgi, domin jami'an NAQS, hukumar da ke binciken dabbobi da tsirrai masu shigowa ƙasa, za su nemi takardun a filin jirgi.

Ranar da ka ɗauko shi, karɓi irin abincin da ya saba ci na aƙalla mako ɗaya, da ɗan tsumman da ke da ƙanshin uwarsa. Kai shi wurin likitanka cikin kwana biyu ko uku, a hannu, kada ka ajiye shi a ƙasan asibitin. Har sai ya kammala allurarsa ta mako 16, kada ya taka titi ko inda karnukan unguwa ke kashi, domin ƙwayar fabo na iya yin watanni a cikin ƙasa. In kuwa an taɓa yin fabo a gidanka, gaya wa likita tun kafin ka kawo sabon, a wanke siminti da kwanuka da bilic, a yar da tsofaffin shimfiɗu.